Ciwon ƙafa wajen zamiya a kan ƙanƙara: haƙuri zan yi ko takalmin zan canja?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ke zaune a birnin Otawa na ƙasar Kanada ta rubuto cewa bana ta fara koyon zamiya a kan ƙanƙara. Ta sayi takalmin wasan na gwanjo, lamba ɗaya sama da wadda take sawa kullum, don safa biyu ta samu wurin shiga saboda sanyi. Ba ta cika minti goma a fili sai tafin ƙafa ya ɗaure yana zugi, yatsu su mutu, bayan ta koma gida kuma gaban idon sawu ya yi kwana biyu yana ciwo. Abokan tafiyarta sun ce haka ake farawa, ta yi haƙuri. Tana son ta san ko gaskiya suka faɗa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abokan tafiyarki rabin gaskiya suka faɗa miki. Ciwo uku kika lissafa, kuma ɗaya ne kaɗai a cikinsu haƙuri yake warkarwa, wato ɗaurewar tafin ƙafa. Mutuwar yatsu da ciwon gaban idon sawu daga takalmi suke da yadda ake ɗaure shi, in kika ci gaba da daurewa a kansu ƙaruwa za su yi. Aikina fisiyo ne, wato jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuma duk lokacin sanyi ina ganin masu irin kukan nan naki. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinsu sai sun yi makonni suna cije baki kafin su zo, alhali gyaran da suke bukata a shagon takalmi yake.

Mu fara da abin da ƙafa take fuskanta. Ƙafar mutum tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, an halicce ta ne ta baje a ƙasa, ta lanƙwasa, ta tura jiki gaba da yatsu. Takalmin ƙanƙara ya hana ta duk wannan. Ƙasansa ba ya lanƙwasa ko kaɗan, gefensa ya kama idon sawu, nauyin jiki gaba ɗaya kuma ya hau kan siririn ƙarfe mai kaurin milimita 3 a takalmin 'yan hoki (wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara), ko wajen milimita 4 a na masu rawa da juyi. Ƙananan tsokokin da ke cikin tafin ƙafa, waɗanda a tafiyar yau da kullum suke aiki suna hutawa, a nan ba su da hutu: kowane daƙiƙa suna gyara miki tsayuwa. Ga kuma tsoro. Duk mai koyo, da ya ji ƙasa tana zamewa, sai ya dunƙule yatsunsa cikin takalmi kamar zai damƙi ƙanƙarar da su, bai ma san yana yi ba. Tsokar da ta daɗe a ɗaure ba ta samun jini yadda ya kamata, shi ne zugin da kike ji cikin minti goma.

Alamar wannan ciwon ba ta ɓuya. Yana zuwa da wuri, yana kama ƙafa biyun kusan daidai, ya bazu a tsakiyar tafin ba tare da kin iya nuna wuri ɗaya da yatsa ba, kuma da kin zauna kin sassauta igiya, cikin 'yan mintuna ya lafa. Washegari kina tafiyarki lafiya. In haka naki yake, to wannan ne na haƙuri, amma haƙuri mai tsari. Kada ki jira sai ƙafa ta ɗaure sannan ki fita. Ki yi minti takwas zuwa goma, ki zauna, ki kwance igiya, ki motsa yatsu minti uku, ki sake ɗaurewa ki koma. Fita gajera sau biyu ko uku a mako ta fi doguwa guda ɗaya ranar Asabar amfani nesa ba kusa ba. Kina cikin fili kuma ki riƙa tambayar kanki ina yatsuna suke, in kin same su a dunƙule ki baje su, ki ɗan durƙusa gwiwa, nauyi ya sauka tsakiyar ƙafa. Mai tsoro miƙewa yake yi tsaye ƙyam, miƙewar kuwa ita ke ƙara masa tangaɗi da aikin tsoka. Yawancin mutane suna ganin sauƙi bayan 'yan makonni.

A gida za ki iya taimaka wa tsokokin. Ki tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kina kusa da bango, ki canja. Ki ɗaga dunduniya ki tsaya kan yatsu sau 15, ki sauko a hankali, zagaye biyu ko uku. Kina zaune ki jawo tushen babban yatsa zuwa wajen dunduniya ba tare da kin naɗe yatsun ba, har ki ga tsakiyar tafin ya ɗan ɗaga; da farko kamar ba abin da ke motsi, a hankali zai zo. Don miƙe tafin kuma, ki durƙusa ki kafa yatsu a ƙasa irin kafawar da kike yi a sujada, ki ɗan zauna kan dunduniya daƙiƙa 20 zuwa 30. Mirgina ƙwallon tanis a ƙarƙashin tafin bayan kin dawo yana sassauta shi sosai.

Yanzu ga inda matsalarki ta fi nauyi: takalmin ya yi miki girma. Na san dabarar da ta sa kika ƙara lamba, kusan duk wanda ya taso a ƙasar zafi ita yake yi, amma a wannan wasan ita ce take haifar da ciwo. Takalmin hoki yawanci lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙasa da takalmin titi ake saye a lambar maza, a ta mata ma ragin ya fi haka, ke kuwa sama kika yi, kin ga tazarar ta kai lamba biyu ko fiye. Idan takalmi ya yi yawa, ƙafa tana yawo a ciki, dunduniya tana ɗagawa duk taku, yatsu su ƙara dunƙulewa don su riƙe takalmin. Sai mai shi ya ji ba shi da ƙarfi a ƙafa, ya ja igiya iya ƙarfinsa don ya cike gurbin. Jan igiyar nan yake danne jijiyoyin jini da na ji da suka bi ta saman ƙafa, yatsu su mutu, shi ne kuma yake gurza jijiyar gaban idon sawu. Kin ga ciwonki na biyu da na uku uwarsu ɗaya.

Safa biyu kuma ba ta ba ki ɗumin da kike nema. Abin da ke ɗumama yatsu jini ne, safa mai kauri a cikin takalmi mai tauri matse hanyar jinin take yi, ga naɗewa da take yi ta haifar da bororo. Auduga ta fi muni, tana shan gumi ta riƙe shi, ƙafa mai laima kuwa ta fi saurin yin sanyi. Safa ɗaya siririya ta ulu ko ta zaren roba, doguwa da ta wuce bakin takalmin, ita ake so. In kin yi alwala kafin fita, ki tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin ki sa ta.

Ga yadda za ki gwada takalmin da ke hannunki yau ɗin nan. Ki zaro shimfiɗar da ke cikinsa, ki aje a ƙasa, ki taka ta dunduniyarki daidai da ƙarshenta. In ya rage fili a gaban yatsunki fiye da faɗin ɗan yatsan hannu, ya yi tsawo. In gefen ƙafarki ya zubo waje da shimfiɗar, ya yi miki ƙunci. Sai ki mayar da ita, ki sa takalmin ba ɗauri, ki tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa hancinsa, ki zura yatsan hannu ta bayan dunduniya. Yatsa ɗaya da ƙyar shi ne iyaka. In biyu suka shige, ba naki ba ne. Takalmin da ya dace, kina tsaye yatsu suna ɗan shafar gaba, da kin durƙusa gwiwa sai su ja baya kaɗan, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta ɗagawa.

Akwai abin da nake so ki kula da shi musamman, shi ne faɗi. Wanda ya taso yana yawo da silifas ko ba takalmi, gaban ƙafarsa yakan fi baje a kan na wanda aka ɗaure wa ƙafa cikin rufaffen takalmi tun yana rarrafe, kuma da yawanmu haka muka taso. Mai faffaɗar ƙafa yana gwada takalmi sai ya ji ya matse shi a gefe, sai ya nemi lamba ta gaba, ya samu sauƙin gefen amma ya jawo wa kansa tsawon da ba ya bukata. Abin da ya kamata ya nema shi ne lambarsa a faɗi na gaba. A takalmin hoki harafin D shi ne matsakaici, EE mai faɗi. Kamfanin Bauer yana raba nasa kashi 1, 2 da 3, na ukun shi ne mafi faɗi da zurfi. Masu yin takalmin rawa irin su Jackson da Riedell su ma suna da faɗi daban-daban. Zurfi ma abin dubawa ne ga mai tudun saman ƙafa. Ki kwance igiya, ki jawo harshen takalmin gaba, ki gitta fensir a kan ramukan igiya wajen na uku daga sama. In fensirin ya kwanta kan gefe biyu na takalmin, lafiya. In ya hau kan ƙafarki yana lilo, takalmin bai da zurfin da zai ɗauke ki, kuma duk ɗaurin da kika yi kan jijiyarki zai sauka.

Na gwanjo yana da tasa matsalar daban. Ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, soson cikinsa ya kwanta a inda ƙashin wancan yake. In kika matsa gefen idon sawunsa da hannu ya lotsa cikin sauƙi, ko kika ga ya yi karyayyen layi a wurin, ya mutu, ba zai riƙe ki ba. Takalmin haya ma haka, ɗaruruwan ƙafafu sun shiga. Ban hana sayen na gwanjo ba, kuɗin sabo ba wasa ba ne, amma a saye shi a shagon da za a auna ƙafa. Kada kuma a ce an gudu daga wannan a faɗa wa mafi tsada. Takalmin ƙwararru an yi shi da tauri ne don mai tsalle da gudu. Mai koyo ba shi da ƙarfin lanƙwasa shi, sai ya kasa durƙusa gwiwa, ciwo ya dawo ta wata ƙofa.

Sai ɗauri. Ba ƙarfi ɗaya ake ja tun daga ƙasa har sama ba. Ki fara buga dunduniya a ƙasa ƙafa ta koma baya sosai. Wajen yatsu ki bar igiya sakwa-sakwa yadda za ki iya motsa su. Tsakiyar ƙafa ta kama ba matsi. Inda ake jan gaske shi ne lanƙwasar idon sawu, ramuka biyu ko uku, domin nan ne ke kulle dunduniya. Can sama kuma ki ɗan sassauta don ƙwauri ya samu hanyar zuwa gaba. Igiya mai kakin zuma tana taimakawa, domin tana tsayawa inda aka ja ta ba ta zamewa. Kada ki naɗe ragowar igiya a kewayen idon sawu. Tana yanke hanyar jini tana kuma karya takalmin.

Ciwon gaban idon sawun naki ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne wanda in aka yi sakaci yake cinye wa mutum lokacin sanyi gaba ɗaya. Ki ɗaga yatsunki sama zuwa wajen ƙwauri, za ki ga wata jijiya ta miƙe a gaban idon sawu, ta ɗan karkata ciki. Ita ce take ɗaga ƙafa. Duk lokacin da kika durƙusa a cikin takalmi, tana guga da harshensa, igiya kuma tana danna ta daga sama. In harshen ya tsufa ya kwanta, ko sabo ne ƙandare, ko ɗauri ya yi yawa, sai jijiyar da rigar da ke lulluɓe ta su kumbura. Za ki ji zafi in kin taɓa wurin, wani lokaci da ɗan kumburi, wani ma har ya ji ƙas-ƙas in yana motsa ƙafar. Maganin farko a ɗauke mata matsi. Ki huta kwana biyar zuwa mako guda, ko har ki iya ɗaga yatsu ba zafi. Ki ɗora ƙanƙara naɗe cikin tawul minti 10 zuwa 15 in yana zugi. Da za ki koma, ki sa matashin roba mai laushi da ake sayarwa don wannan wurin, ko ki yanki soso biyu ki aza hagu da dama na jijiyar yadda igiya za ta hau kansu ta tsallake ta; wannan dabarar ta biyu takan fi aiki, don wurin ciwon ba abin da ke taɓa shi. Za ki iya tsallake ramin igiya ɗaya daidai inda ke ciwo. Zura igiya daga waje zuwa ciki maimakon daga ciki zuwa waje ma yana rarraba matsin. Amma duk waɗannan faci ne muddin takalmin ya fi ƙafarki girma.

Tunda wasu za su karanta amsar nan da nasu ciwon a wani wuri, bari in taɓa sauran. Ƙashin idon sawu na ciki ko na waje yakan yi kumburi mai laushi kamar jakar ruwa saboda guga. A shago suna da na'urar da ke tura bangon takalmi waje daidai wurin, cikin ɗan lokaci an gama. Haka ake yi wa mai ciwo a tushen ƙaramin yatsa ko na babba. Wasu an haife su da ɗan ƙarin ƙashi a gefen ciki na tsakiyar ƙafa, ba su taɓa sanin da shi ba sai ranar da takalmi mai tauri ya danna shi. Bayan dunduniya, kusa da inda agara ta kama ƙashi, dunduniyar da ke ɗagawa tana sauka takan haifar da ƙullutu mai tauri, wanda likitoci suke kira da sunan Haglund, likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninsa. Kumburin naman wurin yana sauka in an gyara takalmi, amma ƙashin da ya riga ya tsiro ba ya komawa da kansa, shi ya sa nake matsa wa mutane su gyara da wuri. Zafi kamar wuta ko wutar lantarki tsakanin yatsa na uku da na huɗu kuwa jijiyar ji ce aka matse tsakanin ƙasusuwa, takalmi mai ƙunci ne sanadi. Ciwon ƙasan dunduniya da ke tsananta a takun farko da asuba kuma faifan jijiyar tafin ƙafa ne ya gaji, yana son miƙewar sha-raɓa da shimfiɗa mai tallafi.

Batun shimfiɗa, wadda take zuwa da yawancin takalma siririya ce ba ta tallafar komai. Mai shimfiɗaɗɗen tafi, wanda ƙafarsa ke faɗawa ciki in ya tsaya, zai ga ƙarfen takalminsa yana kwantawa ciki, tsokar gefen ƙafa tana ta faman ɗago shi. Irin wannan yana amfana da shimfiɗar da aka yi don takalmin ƙanƙara, irin ta Superfeet da makamantanta. A cire tsohuwar kafin a sa sabuwa, kada a haɗa biyu. Wani lokaci ma ƙarfen ne ba a kafa shi daidai tsakiya ba, a takalmin rawa ana iya kwance shi a gusa.

Sanyi kuma sha'aninsa daban, kuma a garinku ba abin wasa ba ne. Hanyar ruwa ta Rideau, wadda ake zamiya a kanta tsawon kilomita 7.8, ba a buɗe ta sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 30, kin ga ranar da take buɗe rana ce ta sanyi na gaske. Ƙanƙararta ba ta kai ta filin cikin gida santsi ba, tana da tsaga da gargada da ke girgiza ƙafa, tsawonta kuma yana ruɗin mai koyo ya yi nisa, sai ƙafa ta gaji ya tuna da komawa. Ki bari sai kin iya rabin awa a ƙaramin fili ba ciwo kafin ki nufe ta, in kin je kuma ki juya tun da sauran ƙarfinki. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai awo 28 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyos, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Yatsun da aka matse wa jini su ma suna cikin haɗari ko da a rufe suke. Bayanan da ake rubutawa suna cewa a duba fata ta yi fari ko ja, a fatarmu kuwa launi ba ya saurin nunawa. Ki dogara da taɓawa: yatsan da ya mutu bai dawo ba bayan an kwance takalmi, ya yi tauri, ya yi toka-toka, wannan daskarewa ce. Kada a murza shi, kada a kanga shi a hita ko a tsoma a ruwan zafi irin gashin da muka saba, domin ƙafar da ba ta ji ƙonewa za ta yi mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki, awo 37 zuwa 39, shi ake sa ta ciki, sannan a nufi asibiti.

Mutum biyu nake roƙo su ga likitansu kafin su taka ƙanƙara. Na farko mai ciwon sukari, musamman wanda ƙafarsa ta fara rage ji, don bororo ɗaya da bai ji ba yana iya zama gyambo. Na biyu mai sikila. Cutar tana da yawa a cikinmu, sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki kuwa duk suna tayar da ita, kuma wasan nan ya tara ukun. Ciwon ƙashi mai tsanani ga mai sikila bayan fita cikin sanyi ba a jinya tasa a gida da sunan ciwon takalmi.

Akwai kuma wanda ke shigowa a hankali, tsagewar ƙashi ta gajiya. Ba faɗuwa ke kawo ta ba, maimaita nauyi ne a kan ƙashin da bai samu hutu ba, yawanci dogayen ƙasusuwan da ke bayan yatsu ko ƙashin tsakiyar ƙafa ta sama. Alamarta wuri ɗaya ne tak da za ki iya ɗora yatsa a kai, yana ƙaruwa mako bayan mako, har ya fara ciwo a tafiyar gida ko da dare. Hoton ƙashi na farko sau da yawa ba ya nuna ta sai bayan mako biyu ko uku, don haka in an ce hoto lafiya amma ciwon yana nan, ki koma. Na kawo wannan ne saboda mu muna da ƙarin dalili. A Otawa ranar hunturu ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D da ita na tsawon watanni, baƙar fata kuma ta fi bukatar rana kafin ta haɗa shi, ga sutura da ta rufe jiki. Ƙarancinsa yana raunana ƙashi yana sa ciwon tsoka. Abin da hukumar lafiya ta Kanada ta ƙayyade wa babba zuwa shekara 70 shi ne awo 600 na ma'aunin IU a rana. Ki yi wa likitanki maganar, ya ga ko kina bukatar gwaji ko ƙari.

In kuma faɗuwa kika yi ƙafa ta gurɗe, akwai ƙa'idar da likitocin gaggawa a ƙasashe da yawa suke bi don sanin wa ke bukatar hoto, kuma a garinku aka tsara ta, Dakta Ian Stiell da abokan aikinsa suka fitar da ita a 1992. A taƙaice: in ba ki iya taku huɗu a kan ƙafar ba, ko kina jin zafi in an danna bayan ƙashin idon sawu ko ƙarshensa, ko tushen ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa a gefen waje, ko ƙashin tsakiya a gefen ciki, to hoto ya wajaba. Kada a ja, kada a murɗa da sunan gyaran targaɗe kafin a ga hoton. In kina shakka, a jihar Ontariyo kina iya kiran 811 ki yi magana da ma'aikaciyar jinya.

Magani kuwa, farasitamol ko ibuprofen na 'yan kwanaki ba laifi, sai dai mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci ibuprofen sai da izinin likita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sha magani kafin fita don kada a ji ciwo, wannan toshe bakin mai gargaɗi ne. Man zafi yana da daɗi a tsokar da ta gaji, amma ba a shafa shi kan bororo, ko fatar da ta fashe, ko ƙafar da ba ta ji. Bororo ƙarami a bar shi kada a fasa, a rufe shi da filasta mai laushi.

Abin da zan so ki yi a makon nan: ki ajiye takalmin, ki bar jijiyar ta huce. Sannan ki je shagon da aikinsu ke nan, ba babban kantin da ake ɗauka daga kanta ba. Ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, da siririyar safar da za ki riƙa sawa, da tsohon takalmin don su ga inda ya ci. Ki ce a auna ƙafa biyun tsawo da faɗi kina tsaye, domin da wuya su zo daidai, kuma babbar ake bi. Ki nuna musu wurin ciwon da yatsa. Ki zauna da wanda kika zaɓa a ƙafa, ɗaure, minti 15 kina tashi kina durƙusawa kafin ki biya. Matsi ko'ina daidai abu ne mai kyau, zafi a wuri ɗaya kuwa a gyara shi tun a nan. In irin wanda ake ɗumamawa ne, za su sa shi a tandarsu ta musamman 'yan mintuna, ki sa shi da ɗuminsa ya bi siffar ƙafarki, sai ki bar shi awa 24 kafin ki hau ƙanƙara. Kada ki gwada wannan a tandar girki, zafinta ba ya daidaita, tana narkar da gam. Ki tambaye su kuma ko gyaran wurin da ya matsa daga baya yana cikin kuɗin, domin sau da yawa sai an fita sau biyu ko uku wurin yake bayyana. In kin yi mako uku zuwa huɗu da takalmin da ya dace, kina gajerun fita, gaban idon sawun bai daina ba ko yatsu suna mutuwa har bayan an cire takalmi, ki je likitan fisiyo ko likitan ƙafa ya duba ki, ki tafi masa da takalmin.